Yadda Ake Auna Wakilci a Fim ɗin Mutuwar Aure da Zaman Iyali

Duk fim ɗin da aka gina a kan mutuwar aure shari'a ce ake yi a gaban mai kallo, ko da ba a nuna kotu ko sau ɗaya ba. Ga mai ƙara, ga wanda ake ƙara, ga shaidu daga dangin kowane ɓangare, ga yara a tsakiya. Alƙalin shi ne mai kallo, sai dai ba ya jin komai sai abin da darakta ya ga dama ya jiyar da shi. Don haka idan aka ce ka duba ko fim ya yi wa mutanen cikinsa adalci wajen wakilci, ƙirga fuskoki kaɗai ba zai fisshe ka ba. Za mu yi ƙirgen, yana da ranarsa. Amma abin da muke nema a ƙarshe shi ne mu gane wa aka ba lokaci, wa aka ba baki, wa aka bari ya faɗi dalilinsa, wa kuma aka jingine a gefe don a cike gurbi.

Ka ware lokacin da ya kai ninki uku na tsawon fim ɗin, domin sau uku za ka kalle shi: na farko a matsayin ɗan kallo, na biyu da biro a hannu, na uku kuma ka zaɓi wasu 'yan fitowa ka yi musu kallon tsanaki.

Kayan aiki

Fim ɗin kansa, a kan na'urar da za ka iya tsayarwa, ka mayar baya, ka kuma ga mintin da kake kai. Littafin rubutu mai faɗin shafi. Biro kala biyu, ɗaya na abin da ido ya gani, ɗaya na ra'ayinka, kuma kada ka bari su cakuɗe. Agogon ƙidayar daƙiƙa, na waya ma ya isa. Abin saurare na kunne, saboda kiɗa da ƙananan sautuka da lasifikar waya ke haɗiyewa. Rubutun fassara na ƙasan allo, idan harshen fim ɗin ba naka ba ne. Sai mutum na biyu wanda zai kalli fim ɗin shi ma, zai fi kyau ya kasance ya bambanta da kai a jinsi, ko shekaru, ko yanayin gidan da ya tashi.

Idan fim ɗin a sinima kaɗai ake nuna shi, ba halin tsayarwa, ka shiga da ƙaramar takarda ka raba ta gida uku: miji, mata, yara. Duk fitowar da ta wuce ka ja sanda ɗaya a gidan wanda ya mallake ta. Ba zai kai ƙidayar agogo daidai ba, amma zai nuna maka inda sikelin ya rinjaya.

1. Kallon farko: ajiye biro

Ka kalla daga farko har ƙarshe, ba tsayawa, ba rubutu, kuma kada ka karanta sharhin kowa tukuna. Da zarar ya ƙare, kafin ka buɗe baki ka yi hirarsa da wani, ka rubuta amsar tambayoyi huɗu a shafin farko. Wa na fi tausaya wa? Wa na ɗora wa laifin mutuwar auren? Sunan wa na riƙe, na wa na manta? A wace fitowa ce zuciyata ta karkata?

Masu koyo kan tsallake wannan mataki, suna ganin ɓata lokaci ne. Kuskure ne. Kallon farko sau ɗaya ake yin sa, kuma shi kaɗai ne zai gaya maka abin da fim ɗin ke yi wa mutumin da ya zauna don nishaɗi, wanda shi ne akasarin masu kallo. Idan kai kanka ka taɓa rabuwa da wani, ko ka tashi tsakanin iyayen da suka rabu, ka rubuta hakan a layi ɗaya a ƙasan shafin. Ba aibu ba ne, amma yana taɓa sikelinka, gara ka san da shi.

2. Gano wuri da zamanin labarin

Kafin ka ce fim ya zalunci wani, ka san a ƙarƙashin wace doka mutanensa ke rayuwa. Dokar saki ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, daga zamani zuwa zamani. Italiya ta halatta saki a 1970, Ayalan sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1995, Chile a 2004, Malta a 2011. A Amurka, jihar Kalifoniya ce ta fara ba da damar raba aure ba tare da an tabbatar da laifin ɗayan ma'aurata ba, dokar ta fara aiki a 1970, jihar New York kuwa ba ta bi sahu ba sai 2010. Ingila da Wales sai a watan Afrilun 2022. Ka ga kenan idan labari ya faru a wurin da dole sai an tabbatar da laifi kafin kotu ta raba aure, to tonon sililin da lauyoyi ke yi wa juna ba lallai muguntar marubuci ba ce, abin da doka ta tilasta ne. Haka nan matar da ta daɗe tana haƙuri a zamanin da babu ƙofar fita, ba za a auna ta da ma'aunin wadda ƙofa ke buɗe a gabanta ba.

Wuri kuma shi ne ma'aunin bambancin jama'a. Fim ɗin da ya faru a ƙaramin ƙauye inda kowa ɗan'uwan kowa ne bai yi laifi ba don duk mutanensa iri ɗaya ne. Amma a ɗauki birnin Landan, inda ƙidayar 2021 ta nuna sama da kashi 40 cikin ɗari na mazauna ba a Birtaniya aka haife su ba. Idan labari ya zagaya makaranta, asibiti, ofishin lauya da kotu a irin wannan birni, kowa da kowa kuma ya fito launi ɗaya, harshe ɗaya, to wani ne ya zauna ya zaɓi hakan, kuma ya cancanci a rubuta.

3. Jadawalin mutane

Yanzu aka zo kallo na biyu. Ka ja jadawali, kowane mutum da layinsa, amma sai wanda ya furta ko da kalma ɗaya ce. Taron da ke wucewa a baya ka ba su layi guda gaba ɗaya. A gaban kowa ka cike: an ambaci sunansa ko kuwa "sakatariya" kawai aka sani, alaƙarsa da ma'auratan, jinsi, kimanin shekaru, sana'a, harshe ko karin harshen da yake magana da shi, asali ko launin fata, addini, da ko yana da wata nakasa.

Babban kuskure a nan shi ne zato. Kada ka yanke addinin mutum daga sunansa, ko asalinsa daga kamanninsa. Abin da fim bai faɗa ba kuma bai nuna ƙarara ba, ka rubuta "ba a bayyana ba", ka wuce. Mai aikin tona kuɗin goro da aka yi wa mutane bai kamata ya fara da yin nasa ba.

Gurbin nakasa shi ne wanda ya fi zama fayau a yawancin jadawali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, wato kusan ɗaya cikin shida na mutanen duniya, na rayuwa da nakasa mai tasiri. Ba cewa ake dole kowane fim ya cike wannan lissafi ba. Sai dai idan ka samu mai nakasa a ciki, ka lura da aikin da aka ba shi: mutum ne mai harkar gabansa, ko kuwa an kawo shi ne don ya zama nauyin da ya karya auren?

4. Ƙidayar lokaci: wa kyamara ke bi gida?

Nan ne gundarin aikin, kuma nan ne ya fi gajiyarwa. Ka buɗe sabon shafi, kowace fitowa da layinta. Fitowa tana canzawa ne idan wuri ko lokaci ya canza. A kowane layi ka rubuta mintin farawa, mintin ƙarewa, su wa ke ciki, da kuma mai fitowar, wato wanda ake kallon abin ta idonsa. Idan ka rasa gane mai ita, ka duba wanda aka shigo da shi da wanda aka fita da shi. Yawanci shi ne.

A ce, a misali, ka gama ka samu fitowa 48. Guda 14 miji da mata suna tare, 21 mijin ne ba matar, 7 matar ce ba mijin, 6 kuma babu ko ɗayansu. Fostar fim ɗin na iya nuna su kafaɗa da kafaɗa, sunayensu girma ɗaya, amma lissafi ya gaya maka labarin na mijin ne, matar baƙuwa ce a ciki. Kada ka damu da guda 14 ɗin nan sosai. Lokacin kaɗaici ne ke sayen tausayin mai kallo. Wanda muka gani shi kaɗai da dare ya kasa barci, wanda muka bi zuwa wurin aiki muka ga ana yi masa faɗa, shi muke yafe wa.

Shi ya sa akwai tambaya ɗaya da nake sa kowane mai koyo ya yi bayan kowace rigima: da aka gama, wa kyamara ta bi? Duba wannan fitowa ta hanyoyi biyu. Matar ta zuge jaka, ta ɗauka, ta fita. A hanya ta farko kyamara ta tsaya cikin ɗaki, muna kallon bayanta yana nisa, ƙofa ta rufu, muka ji tashin mota daga waje, sannan aka matso da kyamara fuskar mijin yana tsaye bai san inda zai sa hannunsa ba. A hanya ta biyu kyamara ta bi ta waje, ta shiga motar tare da ita, muka ga hannunta na rawa har makulli ya faɗi, ta sunkuya ta lalubo shi, ta daɗe zaune ba ta tayar ba. Magana ɗaya aka yi, jaka ɗaya aka ɗauka. A ta farko mace ce ta watsar da gidanta, a ta biyu mace ce ta yi abin da ya fi ƙarfin zuciyarta. Ka ƙirga sau nawa aka bi wannan, sau nawa aka bi wancan, ka rubuta da biron abin da ido ya gani.

Ƙidayar magana kuwa ba sai ka yi ta a fim ɗin gaba ɗaya ba. Zaɓi manyan fitowa uku da suke tare: rigimar farko, zaman sulhu ko na kotu, da haɗuwarsu ta ƙarshe. Danna agogo duk lokacin da ɗaya ke magana, ka mayar baya ka yi wa ɗayan. Ka lura kuma da wa ke katse wa, da wa ke yin maganar ƙarshe. Idan kana da fayil ɗin rubutun fassara, ana iya buɗe shi a kwamfuta kamar kowane rubutu, kowace jimla da lokacinta a jiki. Sai dai ba kasafai yake faɗin mai magana ba, kai za ka bi ka sa alama.

Hattara da ɗaukar shiru a matsayin rashin wakilci kai tsaye. Akwai shirun da kyamara ke zama a kansa har ka ji abin da mai shi bai faɗa ba, akwai kuma shirun wanda aka manta da shi a kusurwar hoto. Agogo ba ya bambanta su, ido ne ke yi.

5. Wa aka bari ya faɗi dalilinsa?

Koma shafin farko ka duba wanda ka ɗora wa laifi. Yanzu ka binciko yadda aka kai ka can.

Ka rubuta dalilin rabuwar sau biyu, yadda mijin zai faɗa da yadda matar za ta faɗa, kowanne a jimla biyu, kuma da abin da ke cikin fim kaɗai. Idan ɗaya ya zo maka da sauƙi, ɗayan kuwa sai da ka yi ƙage kafin ka cike shi, ka riga ka gano wanda aka hana baki. Sannan ka duba ta wace hanya kowane dalili ya iso gare ka. An nuna shi ne, ko an ba da labarinsa? Gani ya kori ji: laifin da aka nuna mana a waiwaye, da hoto da sauti, ya fi laifin da wani ya ambata a jimla ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Fim kan nuna laifin ɗaya ƙiri-ƙiri, ya bar na ɗayan a bakin lauya, sannan a ce an yi daidai wa daida.

A kallo na uku ka sa abin saurare, ka bi kiɗa. A kan hawayen wa ake sa kiɗa mai taushi? Fushin wa ake bari tsirara ba kiɗa, har ya yi kama da hauka? Sai kuma tace hoto, wato yadda ake yanka hotuna a jera su. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya yi gwajin da har yau ake koyarwa: ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace a kishingiɗe. An ruwaito cewa masu kallo sun ga yunwa, baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta canza ba. A fim ɗin mutuwar aure wannan dabara tana aiki kullum. A nuna uwa tana dariya a wurin aiki, a yanka zuwa yaro yana jira shi kaɗai a ƙofar makaranta, an gama da ita ba tare da kowa ya zarge ta da baki ba. Ka rubuta irin waɗannan haɗe-haɗe da mintinsu.

Gargaɗi mai muhimmanci: adalci ba ya nufin dole a raba laifi biyu. Idan labarin na duka ne ko cin zarafi, fim ɗin da ya tsaya da wanda aka zalunta bai gaza ba. Abin dubawa a nan shi ne ko an bar wanda aka zalunta ya zama cikakken mutum, mai dabara da shawarar kansa, ko kuwa an mayar da shi abin tausayi kawai daga farko har ƙarshe.

6. Yara

A ganina nan ne finafinan rabuwa suka fi faɗuwa, har waɗanda suka yi wa iyayen adalci. Yaro yakan fito ne a matsayin abin da ake jayayya a kansa, ko ƙararrawar da ake kaɗawa idan ana son mai kallo ya yi ƙwalla. Ka san fitowar nan ta yaro laɓe a bayan ƙofa yana jin faɗan iyayensa. Ba laifi ba ce, amma idan ita ce iyakar abin da aka ba shi, ba a wakilce shi ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 tana da sassa uku da nake aro a matsayin ma'auni. Sashe na 3 ya ce maslahar yaro ce abin fifitawa. Na 9 ya ba shi haƙƙin ci gaba da hulɗa da iyayensa biyu bayan rabuwa, sai in hakan zai cutar da shi. Na 12 ya ba shi haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi. Ba dole mutanen cikin fim su bi wannan ba, labari ne. Tambayar tana kan fim ɗin kansa: shi ya saurari yaron? Akwai fitowar da yaron ke ciki ba tare da iyayen ba? Yana da aboki, ko wani abin da yake so wanda bai shafi auren ba? Maganarsa ta shekarunsa ce, ko marubuci ne ya cusa masa hikimar dattijo a baki? Idan yaran biyu ne ko uku, halinsu ya bambanta, ko an haɗe su sun zama mutum ɗaya mai kawuna da yawa? Kada ka manta da agola da 'yan uba, idan akwai. Su ne aka fi barin su ba suna.

7. 'Yan gefe da kuɗin goro

Ɗauko jadawalin mataki na uku, ka bi 'yan gefe ɗaya bayan ɗaya da gwaji mai sauƙi: idan aka cire wannan mutum, me zai canza a labarin? In babu, ɗan rakiya ne. Sai ka duba ko 'yan rakiyar duk daga rukuni ɗaya suka fito. Sau da yawa za ka tarar duk bambancin da fim ke taƙama da shi ya taru ne a kan mai reno, direba, ƙawar da aikinta ba da shawara, da alƙalin da ya bayyana na minti biyu. Suna nan a hoto, amma babu mai gidan da aka shiga, babu mai matsalar kansa.

Irin wannan fim yana da nasa tsofaffin ramuka da marubuta ke faɗawa: muguwar matar uba, surukar da ba ta da aiki sai hura wuta, bazawarar da ake nunawa ko dai abar tausayi ko abar tsoro, uban da bai san ajin ɗansa ba, macen da aikinta ya kashe mata aure, sabuwar budurwa marar tunani. Samun ɗayansu bai isa hukunci ba, domin akwai irinsu a duniya. Ka duba ko an ba mutumin ko da fitowa ɗaya da ya yi abin da ba ka zata ba. Ka kuma duba wa ake yi wa dariya, musamman in karin harshensa ko talaucinsa ne abin dariyar.

Sai batun kuɗi, wanda masu sharhi da yawa ke mantawa da shi alhali shi ma wakilci ne. Rabuwa tana mayar da gida ɗaya gida biyu. Wa ya bar gidan, ina ya koma, da me yake biya? Wa ke ciyar da yara? Wa ya ajiye aiki ko karatu lokacin auren? Fim ɗin da kowa ya fita daga babban gida ya faɗa wani babban gida, ba a taɓa maganar haya ko kuɗin lauya ba, labarin masu hali yake bayarwa. Ba laifi, amma ka faɗa a sharhinka.

8. Sanannun gwaje-gwaje, da iyakarsu

Akwai gwajin Bechdel, wanda ya samo asali daga zanen barkwancin Alison Bechdel 'yar Amurka a 1985: a samu mata biyu, su yi magana da juna, a kan wani abu da ba namiji ba. Ya yi suna har wasu gidajen sinima a Suwidin suka fara liƙa wa finafinan da suka ci shi alama a 2013. Amma a fim ɗin mutuwar aure yana iya yaudararka ta fuska biyu. Mace da 'yar'uwarta na iya shafe minti goma suna tattauna mijin da za ta bari, magana mai zurfi wadda ita ce zuciyar labarin, gwajin ya ce an faɗi. Wani fim ɗin kuma mata biyu su yi musayar jimla biyu kan launin labule, a ce an ci.

Akwai gwajin DuVernay, mai ɗauke da sunan daraktar fim Ava DuVernay, wanda mai sharhin finafinai ta jaridar New York Times, Manohla Dargis, ta kawo a 2016: shin baƙar fata da sauran tsiraru suna da cikakkiyar rayuwa a labarin, ko ado ne a labarin wasu? Akwai kuma gwajin Riz, mai ɗauke da sunan ɗan wasa Riz Ahmed, wanda ke duba yadda ake nuna Musulmi. Cikin tambayoyinsa biyar, wadda ta fi shafar aikinmu ita ce ko an nuna namijin a matsayin mai wulaƙanta mata, ko macen a matsayin wadda mazanta suka danne. Ka yi gwaje-gwajen, minti biyar ya ishe su, ka rubuta sakamako a layi guda. Kada ka gina hukuncinka a kansu.

9. Bayan kyamara

Ka bar jerin sunayen ƙarshe ya gudana, ka rubuta marubucin labari, darakta, furodusa, mai ɗaukar hoto da mai tacewa. Ka nemi abin da su da kansu suka faɗa a hira game da asalin labarin. Idan marubucin ya ce daga rabuwarsa ya ɗauko shi, wannan bayani ne mai amfani, domin ɗayan ɓangaren bai samu damar rubuta nasa ba. Ka tsaya ga abin da aka faɗa a bainar jama'a, ban da tsegumi.

Kada lambar yabo ta rufe maka ido. Masu ba da kyautar Oscar sun sanar da ƙa'idojin wakilci a Satumban 2020, suka fara aiki da su kan kyautar gwarzon fim daga bikin 2024. Ƙa'idojin huɗu ne: abin da ke kan allo, shugabanni da ma'aikatan shirin, ba da horo da damar shiga sana'ar, da kuma masu talla da rarrabawa. Biyu kawai ake buƙatar cikawa. Wato fim na iya tsallakewa ba tare da an ga wani bambanci a kan allo ba. Haka nan kasancewar darakta mace ba ya tabbatar da an yi wa matar labarin adalci, kasancewarsa namiji kuma ba ya hanawa. Shafukan ƙidayarka ne shaida.

10. Abokin kallo, sannan rubutu

Ka ba mutum na biyun tambayoyi huɗun nan na mataki na farko, ba tare da ka nuna masa amsarka ba. Inda kuka saɓa ya fi inda kuka dace amfani: ku koma wannan fitowa tare, kowa ya nuna abin da ya gani. Idan fim ɗin ya shafi al'ummar da ba taka ba, ka nemi sharhin 'yan cikinta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada dai ka ɗauki mutum ɗaya a matsayin bakin al'umma gaba ɗaya. In ba ka samu abokin kallo ba, ka bar aikin ya kwana biyu, ka sake kallon manyan fitowa ukun nan da sauti a kashe, ka ga ko jiki da fuska suna faɗin abin da baki ya faɗa.

Wajen rubutu, ka fara da abin da fim ɗin ya ce zai yi. Wanda ya fito fili ya ce labarin uba ne, ba a tuhumarsa don uba ya fi yawan fitowa, sai dai a tambayi yadda ya riƙe uwar a ɗan lokacin da ya ba ta. Wanda ya yi alkawarin ɓangare biyu kuwa, da wannan alkawari za a kama shi. Ka raba hukuncin gida uku: su wa ke ciki, yaya aka nuna su, su wa suka shirya. Kada ka narkar da su a maki ɗaya, domin fim na iya yin kyau a ɗaya ya gaza a biyu. Ka ware ingancin fim daban, tunda ana samun mai daɗin kallo da ya yi son kai, ana samun mai adalci da ke sa barci.

Kowace magana ka ɗaura mata shaida. Maimakon "an zalunci matar", ka rubuta: "Cikin fitowa 48, matar ta samu 7 ita kaɗai, mijin 21. Bayan rigima huɗu cikin biyar kyamara mijin ta bi. Dalilinta na tafiya a bakin lauyanta kawai muka ji shi, a minti na 71." Idan sai ka tona ƙarshen labarin kafin hujjarka ta tsaya, kamar wa aka ba riƙon yara, ka sanar da mai karatu a saman sharhin, ka kuma ajiye wannan sashe can ƙasa.